RA'AYINMU: Masu gyaran hoto, a bar mana fatarmu yadda Allah Ya yi ta

Duk wanda ya leƙa shagon masu hoto a Wad Madani ko Sinnar ko Damazin, kai har ma ƙananan rumfunan da ke wanke hoto ranar kasuwa a ƙauyukanmu na Jazira da bakin kogin Nilul Azraƙ, zai tarar da abu guda a manne jikin bango, wato fuskoki sumul tamkar tangaran, babu ƙofar gashi, babu tamoji, babu tabo, babu tsaga. Dattijo ɗan shekara 70 ya koma kamar saurayin da gemu bai fito masa ba, mace baƙa ta koma wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa kuma ta koma fara sol. Mai hoto yana kiran wannan aiki gyara, mai fuska kuma yana biyan kuɗinsa har da godiya. Mu kuwa a ra'ayinmu lokaci ya yi da za a tsaya a dubi wannan al'ada da idon basira, domin ta fara jawo wa jama'armu asara, musamman 'yan kasuwar da abincinsu ke kan iyaka.

Kwanakin baya wani ɗan kasuwa mai safarar albasa da riɗi ya same mu a gidan rediyo yana kukan abin da ya faru da shi. Mutumin yana da bille a kumatun hagu, da kuma tabo a saman gira wanda ya samu tun yana yaron mota. Da ya je ɗaukar hoton da za a manna a takardarsa ta wucewa, sai yaron shagon ya ga ai ya kamata a kyautata wa Alhaji, ya share billen, ya share tabon, ya ƙara masa haske. Alhaji ya ji daɗi ya sa takarda a aljihu. Da aka isa shingen bincike, jami'i ya dubi takarda ya dubi fuska, ya ce wannan ba shi ba ne. Aka sauke kayansa, motar ta yi gaba, ya yini a rana yana neman wanda zai shaide shi, albasa kuwa ba ta jiran kowa. Ba mu ga laifin jami'in ba, domin aikinsa ke nan ya gwada hoto da mai hoto. Garin neman gira ne aka rasa ido.

Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce a ƙasar da ke da manyan matsaloli. To, ga Bahaushen Sudan maganar takardar shaida ba ta taɓa zama ƙarama ba. Kakanninmu sun daɗe a wannan ƙasa, wasu sun zo ne a kan hanyar aikin Hajji suka zauna, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, da guminsu aka yi noman. Amma duk da haka kowa ya san sau nawa ake tsayar da jikokinsu ana neman ƙarin hujja kafin a ba su takarda. Mutumin da ake bin takardunsa da ido biyu bai kamata ya ba wa kowa ƙofar da zai ce hotonsa bai yi kama da shi ba.

Bugu da ƙari, shekarun nan sun mayar da hoto abin da rayuwa ke rataye a kai. Rikicin jihar Nilul Azraƙ na 2022 ya raba dubban mutanenmu da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a watan Disamban wannan shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, kuma jama'a da dama sun fita ba tare da sun ɗauki ko da takarda guda ba. Dubbai sun tsallaka Habasha ta Gallabat da Matamma. An buɗe sabon wurin buga fasfo a Bur Sudan a watan Agustan 2023, sannan canjin kuɗin da aka fara a watan Disamban 2024 ya tilasta wa 'yan kasuwa da yawa buɗe asusun banki, wanda shi ma ba ya yiwuwa sai da shaida. A wajen yin fasfo da lambar ƙasa, wato raƙam waɗani, hukuma ce ke ɗaukar hoton da kanta tare da zanen yatsu, kuma na'urarta ba ta san kwaskwarima ba. Saboda haka duk sauran takardun da mutum ke kai wa hotonsa da hannunsa, irin su katin ƙungiya da takardar izinin kasuwanci da ta makaranta, da wancan hoton na hukuma za a gwada su. Idan suka saɓa, mai takarda ne zai sha tambaya.

Abin da ya fi wannan ɗaga mana hankali shi ne cigiya. Mun sha karɓar iyaye a gidan rediyo suna neman ɗa ko tsohuwa da aka rabu da su a lokacin gudu, idan muka ce su kawo hoto sai su miƙo na ranar biki ko na Sallah, wanda aka goge har mahaifiyar ma sai ta sake dubawa. Alhali mai taimako a sansanin 'yan gudun hijira ko ma'aikacin ƙungiyar agaji ta Red Cross ba shi da abin kamawa sai alamomin nan da aka share: tawadar Allah a gefen hanci, fashin goshi, 'yar baka, tabon ƙuna, gibin haƙori, ko tsagar da maƙwabtanmu ke kira shuluk. Waɗannan su ne sunan da ke rubuce a fuskar mutum lokacin da bakinsa ya kasa faɗin sunansa.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba mu ce gyaran hoto laifi ne ba, kuma ba yau aka fara shi ba. Tun zamanin fim masu hoto ke bin nagatif da fensir mai tsini suna rage ƙurji ko inuwar da ta yi yawa. Sudan tana da manyan masu wannan sana'a, irin su Rashid Mahdi na Atbara da Jadalla Jubara na Khartum, waɗanda dukkansu suka rasu a 2008. Duk wanda ya ga hotunan mutane na wancan zamani, ko na Malick Sidibe na Bamako wanda aka karrama da babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 2007, zai ga mutane sun yi kyau, sun yi kwarjini, amma fatarsu tana nan da ranta. Abin da ya sauya shi ne aikin da a da yake cin sa'o'i a hannun gwani, tun bayan fitowar Photoshop a 1990 ya koma na mintoci, da zuwan wayoyin zamani kuma ya koma danna maɓalli guda. Yawancin wayoyin nan suna da tsarin ƙawata fuska, wasu ma da shi suke zuwa a kunne, ta yadda mutum na iya ɗaukar hoton da aka riga aka goge ba tare da ya sani ba.

Domin a gane inda ɓarnar take, ya kamata a san abin da ke sa fata ta zama fata a cikin hoto. Fuskar mutum a hoto abu biyu ne a haɗe. Na farko launi ne da haske da inuwa, waɗanda ke nuna tudun goshi da kwarin ido da tsinin hanci. Na biyu kuma su ne ƙananan zane-zanen da ke saman fatar, wato ƙofofin gashi, siraran layuka, ƙananan gasu da 'yan tabbai. Wannan na biyun shi ne kamar saƙar da ke jikin yadi. Ɗan kasuwar da ya san yadi yana shafa shi ya gane shadda ce ko leda, haka ma ido ke gane fata ta gaskiya tun kafin mai idon ya san dalili. Kuma saƙar ba iri ɗaya ba ce a duk fuska. Ƙofofin gashi sun fi girma a kan hanci da gefensa, fatar ƙasan ido ta fi laushi da siranta, goshi yana da layukansa a kwance, haɓar namiji tana da tushen gemu. Ta yaro daban, ta manomin da ya shekara 40 a rana daban.

Mai gyaran da ke gaggawa yana haɗa waɗannan abubuwa biyu ne ya dame su wuri guda, kamar mai yaɓen da ya bi bangon da aka yi wa zane da laka ya shafe. Gwani kuwa raba su yake yi a kwamfuta, ya sa launi a shimfiɗa ɗaya, ya sa saƙar fata a wata shimfiɗar da ke samanta. Idan akwai wurin da launi ya yi dabbare-dabbare saboda rashin kyawun haske, sai ya daidaita shi a shimfiɗar ƙasa, saƙar da ke sama ba ta motsa ba. Idan akwai ƙurji, sai ya ɗebo lafiyayyar fata daga kusa da wurin, a fuskar mutumin nan dai, ya rufe shi da ita. Idan maiƙo ya sa goshi yana ƙyalli, sai ya rage hasken wurin kaɗan kaɗan ba tare da ya goge shi ba. Ƙa'idar da ƙwararrun wannan sana'a ke bi mai sauƙi ce, kuma muna ganin ta dace da mu: abin da zai tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, kamar ƙurji ko ƙura ko cizon sauro, ana iya cire shi, abin da mutum zai mutu da shi, kamar tsaga da tawadar Allah da tsohon tabo da tabon sallah, ba a taɓa shi.

To, ina hoton da ya riga ya rasa saƙarsa? Wannan matsala ce da gidaje da yawa ke ciki yanzu, domin hotunan asali sun ƙone ko sun ɓata a lokacin gudu, abin da ya rage shi ne wanda aka tura ta WhatsApp sau biyar ko shida, kuma turawar takan matse hoto ta zubar da ƙananan zane-zanensa. A nan ne ake maganar mayar wa fata saƙarta. Gwani yana iya ɗebo saƙa daga ɓangaren fuskar da bai lalace ba ya shimfiɗa a inda ya lalace, ko ya yayyafa wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu laushi irin na tsohon fim domin fuskar ta daina sheƙi irin na roba. Amma aikin yana da sharuɗɗa. Dole girman ɗigon ya dace da girman hoton, dole ya bi inda haske ya fito, dole ya yi ƙarfi a hanci da kumatu ya yi rauni a ƙasan ido, kuma ba a zuba shi a kan ƙwayar ido ko leɓe ko haƙori. Wanda ya shimfiɗa saƙa iri ɗaya tun daga goshi har haɓa ya mayar da fuska ɓawon lemu, bai gyara komai ba. Irin wannan aiki ya halatta ga hoton marigayi da za a rataya a ɗaki ko hoton biki, matuƙar an gaya wa masu shi abin da aka yi. Ga hoton shaida kuwa, maganinsa a sake ɗaukar sabo.

Muna jan kunne na musamman game da manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da ke alƙawarin fito da tsohon hoto tar cikin daƙiƙa. Waɗannan ba dawo da abin da ya ɓata suke yi ba, ƙirƙiro sabo suke yi daga fuskokin wasu mutane da aka horar da su a kai. A 2020 an gwada irin wannan manhaja da wani dusasshen hoton tsohon shugaban Amurka Barack Obama, sai ta fito da fuskar wani Bature. Idan haka ta faru da fuskar da duniya ta sani, ina ga hoton tsohuwarmu ta ƙauye mai tsagar Gobir? Manhajar na iya ɗaukar tsagar a matsayin datti ta share, ta sa ƙofofin gashi masu kyau a madadinta, hoton ya fito kamar gaske alhali ba ita ba ce. Saƙar fata ta ƙarya a kan fuskar ƙarya ta fi gogewar fili haɗari, domin ita ba a saurin gane ta.

Sai maganar launi, wadda ita ce tushen abin. Na'urar hoto ba ta fara da sanin baƙar fata ba. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya domin su daidaita launi da shi, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata masu launi daban-daban. Kamfanin Google ma sai a 2021 ya fito da wani tsari a wayoyinsa da nufin ɗaukar baƙar fata yadda take, a 2022 kuma ya rungumi ma'aunin launin fata mai matakai 10. Abin takaici shi ne a daidai lokacin da masu ƙera na'urar suka amince cewa sun yi kuskure, mu da kanmu muke biyan kuɗi a mayar da mu farare.

Kuma abin ba ya tsayawa a takarda. Yarinyar da ta saba ganin kanta fara sumul a waya, ranar da ta dubi madubi sai ta ga kamar madubin ne ke mata ƙarya, daga nan sai shagon mai. Kowa ya san ƙananan shagunan nan da ake kira gadar zurufak, inda ake auna wa mata haɗe-haɗen man bilicin daidai kuɗinsu, ba suna ba tambari. Da yawa daga irin waɗannan mayuka ana samun sinadarin makuri a cikinsu, wanda ke lalata ƙoda, ko magungunan da ke sirantar da fata har ta riƙa tsagewa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa wa makuri iyaka a kayan shafa, a 2023 kuma ƙasashen da ke cikinta suka amince a hana shi baki ɗaya. Ƙasar Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015. Mun san wani ɓangare na wannan kaya ta kasuwannin kan iyaka yake shigowa, a tsakanin buhunan gahawa da sabulu. Ɗan kasuwar da ke ɗauko shi ya tuna cewa 'yarsa ma tana da fata. Iyayenmu mata suna da dilka da duhan tun tuni, suna gyara jiki ba tare da sun canza halitta ba.

Har ila yau akwai batun aure. Yanzu da dangi suka warwatsu tsakanin Jazira da Gadarif da Jidda da Kano, sau da yawa hoto ne ke fara zuwa kafin mutum. Idan aka aika hoton da ba na gaskiya ba, ko na namiji ko na mace, ranar haɗuwa ce ranar jin kunya, kuma wanda aka goge ɗin shi ne ke kwana da ciwon. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin sunan wannan. Wanda ya zuba manyan albasa a bakin buhu ya ɓoye ƙanana a ƙasa algus ya yi, kuma sau ɗaya ake yi masa ciniki.

Masu hoto za su ce ai abin da mai kuɗi ya nema suke yi, idan ba su goge ba zai tafi shagon gaba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba duka ba ce. Yawancin masu zuwa shago ba su taɓa ganin hotonsu da aka ɗauka da haske mai kyau aka gyara da hankali ba, zaɓin da aka ba su shi ne ko hoto mai duhu ko hoto mai bilicin. Sannan sauran duniya ta riga ta nuna inda aka dosa. Ƙa'idojin hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya sun buƙaci hoton fasfo ya nuna launin fatar mutum na asali. Amurka ba ta karɓar hoton fasfo da aka taɓa da manhaja. Jamus ta fara aiki da doka a watan Mayun 2025 da ke neman hoton fasfo ya fito daga ofishin hukuma ko daga amintaccen mai hoto kai tsaye ta na'ura. Faransa tun 2017 ta wajabta a rubuta a jikin talla idan an canza surar jikin wanda ke ciki, Norwe kuma ta bi sahu a 2022, har da gyaran fata. Mai hoton da ya koyi aikin gaskiya tun yanzu shi ne zai ci kasuwar gobe.

Saboda haka muna kira ga masu shagunan hoto da su raba aikinsu gida biyu, su kuma rubuta a ƙofa: hoton shaida ba a taɓa shi, hoton ado ana gyara shi bisa yardar mai shi. Su ajiye hoton asali kafin gyara, su ba mai shi duka biyun. Su koya wa yaransu sarrafa haske kafin sarrafa kwamfuta, domin baƙar fata ta fi fitowa a inuwa mai haske, kamar bakin ƙofa da hantsi, da farin ƙyalle a gefe yana mayar da haske kan fuska, fiye da walƙiyar fitila da ake harba wa mutum a goshi.

Ga 'yan kasuwa kuma, kafin ku biya ku dubi hoton da kyau, ku nemi billenku da tabonku, idan babu su ku ce a sake. Ku kashe tsarin ƙawata fuska a wayoyinku. Kowane magidanci ya ɗauki hoton kowa a gidansa, yara da tsofaffi, fuska a fili ba tare da gyara ba, ya sabunta shi duk shekara, ya aika wa wani ɗan'uwa da ke wani gari a matsayin fayil domin kada ya matse. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Kurmuk da Gallabat da sauran kasuwanni su daina karɓar gogaggen hoto a katin ƙungiya, sarakunanmu da limamanmu kuma su sa baki, kamar yadda mu ma za mu ci gaba da yi a rediyo.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar manomin Jazira da ta masuncin Rusairis da ta falken kan iyaka suna ɗauke da labarin rana da iska da tafiya da haƙuri, kuma babu abin kunya a cikin wannan labari. A gyara mana hoto, amma a bar mu a ciki. Allah Ya sada waɗanda suka ɓata da iyalansu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.